Yaƙin Ranar Alhamis Bayan La'asar

Cikin shekaru talatin da ɗaya da na yi ina yawo da takardun mutane a ofisoshin Jidda, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Litinin, 17 ga Disamba, 1990. Yanzu da na ajiye aiki, ku da kuka gaje mu kullum kuna damuna in ba ku labarin zamanin tafireta. To ga wanda ban taɓa bayarwa ba. Farkonsa abin dariya ne, kuma ban hana kowa dariya ba, don ni ma na yi har da riƙe ciki.

Sunana Ɗahiru. A Ruwais, wata unguwa a nan Jidda, aka haife ni. Mahaifina ya taho daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya sauke farali, ya zauna. Ni ban taɓa ganin Katsina ba sai a bakinsa, amma duk da haka da iƙama nake zaune, wato katin izinin zama na baƙo, kuma kamfanin da nake wa aiki shi ne kafilina. Ga wanda bai san tsarin ba, kafili shi ne wanda sunansa ke kan iƙamarka. In ya sa hannu ka zauna, in ya janye ka tattara kayanka, ko da a nan aka yanke maka cibi. Kuma doka ta hana ka yi wa kowa aiki in ba shi ba.

Kamfanin namu na Turawa ne, aikin bututun ruwa yake yi. A takarda sunan aikina tafinta, amma a zahiri aikin mu'aƙƙib nake yi, wato mai bin takardun kamfani a ofisoshin gwamnati. Sabunta iƙama, bizar fita da dawowa, fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, duk a kaina suke. Injiniyoyin kuwa suna zaune a sakan, wata unguwa mai katanga da kamfanin ya gina musu a arewacin gari, da ƙofa ɗaya da masu gadi. A tsakiyar sakan ɗin akwai zauren shaƙatawa, kuma a nan abin ya samo asali.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da Alhamis da Juma'a ne hutun mako, wasu ƙattin injiniyoyi su takwas ko tara za su taru a zauren nan, su haɗa tebura, su zube 'yan sojoji na dalma waɗanda ba su wuce ɗan yatsa ba. Kowa ya yi wa nasa fenti da hannunsa. Akwai tankokin yaƙi, akwai kumbo iri-iri, akwai wasu halittu masu koren kai da ido uku da suka ce wai daga wata duniya suke zuwa. Za su jefa ƙwayoyin lido, su ɗauko tef su auna nisan da soja zai yi, su buɗe wani littafi mai kauri su yi ta gardama a kan ko bindigar mai koren kai tana huda bango. Mutumin da safe zai hana ka magana don yana lissafin famfon da ke shayar da rabin unguwa, da yamma za ka same shi ya kwanta a kan tebur da ido ɗaya a rufe, yana leƙen ko sojansa na hango maƙiyi. Na taɓa ganin biyu sun yi mako ba sa gaisawa saboda an motsa wani kumbo lokacin da ɗayan ya tafi banɗaki.

Shugabansu shi ne babban injiniyan famfuna, wani mai sanƙo, mai fara'a, wanda yake sa hula mai taurari ranar wasa. Mu ma'aikata muka sa masa Janar, sunan ya bi shi, har shi ma yana amsawa. Wasan kuma ba mu taɓa kiransa wasa ba. Harb muke ce masa, wato yaƙi da Larabci. Mai shara zai ce yau kada a taɓa tebura, akwai harb. Mai shayi zai ce a ƙara madara, harb ɗin yau zai yi tsawo. Mun saba har ba ma jin nauyin kalmar a bakinmu.

Wanda yake sassaƙa musu tuddai da gadoji da rusassun gidaje na katako shi ne Usta Bawa, kafinta. Mutumin ƙasar Gumel ne, ya zo a 1977, ya yi shekaru a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ƙarƙashin wani tsohon Bahijaze yana gyaran rawashin, tagogin katakon nan masu zane da kuke gani a tsofaffin gidaje. A nan ya samu sunan Usta, wato gwani. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, don haka Kawu nake ce masa. Iƙamarsa tana da kyau, sai dai sunan wani mutumin Ɗa'ifa ne a kai, wanda bai taɓa yi wa aikin ko ƙusa ɗaya ba. Shekara shida kamfaninmu yana aiki da shi a haka. Ƙofar da ta lalace shi ne, kabad shi ne, gadon jaririn Mudir, wato babban manajanmu, shi ya yi. A watan Oktoba na shekarar Mudir ya yarda a mayar da kafalarsa kan kamfani. Na haɗa fayil ɗin da kaina, na samo takardar sakin mutumin Ɗa'ifa, saura sa hannun Mudir kawai. Fayil ɗin yana cikin durowata ta sama.

Wannan fayil shi ne duk burin Usta Bawa. Matarsa, Gwaggo Ladi, umara ta zo ta zauna, ba ta da takarda. 'Ya'yansu mata biyu a ɗaki aka haife su a unguwar Madain Fahd, ba su da ko takardar haihuwa. Yana ganin in ya koma ƙarƙashin babban kamfani, zai samu ƙafar da zai tsaya ya nema musu gyara. Duk sanda ya wuce ofishina sai ya leƙo ya ce, "Ɗahiru, ya jikin mara lafiyarmu?" In ce, "Kawu, yana samun sauƙi, sa hannu kawai ya rage."

Sai Disamba ta zo da bikin Turawa na ƙarshen shekara. A sakan ba a rubuta sunan bikin a ko'ina. Itacen roba da suke ƙawatawa da fitilu ni na fito da shi daga tasha shekaru kafin nan, a takarda kuma sunansa kayan adon ofis. Sanarwar da nake bugawa masu gadi kan baƙin da za su shigo, taron gudanarwa take cewa. Taron gudanarwa da ake zuwa da mata da yara da jar hula mai tuntu! Abin da suke haɗawa a banɗakunansu da ruwan inabi da sukari kuwa, wannan kowa ya sani, kowa bai gani ba.

A shekarar Janar ya zo da dabara. Ya ce za a yi babban harb ranar bikin, Alhamis 20 ga wata. Labarin wasan shi ne, tsohon nan nasu mai jar riga da farin gemu ya rasa ƙanƙara, don haka ya sauka a tashar jiragen ruwan Jidda da raƙuma suna jan kayan kyautarsa, sai masu koren kai suka sauko daga sama za su ƙwace. Rabin 'yan wasa su kare gari, rabi su kawo hari. Yana faɗa yana dariya har da hawaye. Ya ce wa Usta Bawa ya yi masa Jidda a kan katako, tashar da kuma Balad.

Usta Bawa ya ɗauki aikin nan kamar an ce ya gina wa uwarsa ɗaki. Mako biyar ya yi a kai a gidansa. Na je na gani kafin ya gama. Wallahi ban san lokacin da na ce masha Allah ba. Ga lungunan Balad da ƙananan rawashin da ya sassaƙa da reza, ga hasumiya, ga tashar da na'urorin ɗaga kaya da rumbuna, har da tankunan mai. Ya nuna mini wani gida ya ce, "Ka ga wannan? Ni na gyara tagoginsa na gaske." Janar ya aika masa da akwatin sojoji da tankoki don ya gwada ko za su wuce ta lungunan, da taswirar wasan, wadda ya zana da jajayen kibiyoyi suna nuna tashar, ya rubuta da Turanci a sama cewa hari ranar Alhamis ƙarfe huɗu.

Kada ku manta wace shekara ce. An mamaye Kuwait wata huɗu da suka wuce, sojojin ƙasashe sun cika ƙasar, mutane suna manna tef a tagogi, kowa idonsa na sama don tsoron makami mai linzami. Shingayen bincike kuwa sun ƙaru a duk manyan hanyoyi. Mu a ofis mun san da haka, Janar ma ya sani, amma babu wanda ya yi tunanin aika motar kamfani da takardar rakiya. Ni ya kamata in yi tunanin, aikina ne.

Ranar Litinin da hantsi Usta Bawa ya ɗauki dabbab, 'yar ƙaramar a-kori-kura ta haya, ya ɗora Jiddarsa a baya ya lulluɓe da tamfol. A wani shinge a hanyar arewa aka tsayar da su. Ban kasance a wurin ba, direban ne ya zo sakan da azahar ya ba ni labari, daga baya kuma jami'in da ya riƙe maganar ya karanta mini yadda aka rubuta.

Wani soja ya ɗaga tamfol. Ya ga tasha, ya ga tankunan mai, ya ga tankokin yaƙi jere a bakin ruwa, ya ga taswira da jajayen kibiyoyi. Ya ce, "Esh hada?" Wato mene ne wannan.

Larabcin Usta Bawa na kasuwa ne, yana isarsa sayen katako da gaisuwa. Ya amsa da kalmar da muka saba. Ya ce, "Hagg al-harb." Kayan yaƙi ne.

"Wane yaƙi?"

"Na ranar Alhamis, bayan la'asar."

"Su wa za su yi?"

"Khawajat." Turawa ke nan.

"Ta ina za a kawo harin?"

Usta Bawa ya ɗaga yatsa ya nuna sama, ya ce, "Min fog." Wato daga sama.

"Wa ya sa ka wannan aikin?"

Ya ce, "Janar."

Direban ya ce bai gama rufe baki ba aka kewaye motar. Da na ji wannan, Allah Ya gafarta mini, dariya na yi har na zauna a ƙasa. Na shiga na gaya wa Janar, shi ma ya buga tebur yana dariya, ya ce wannan labari sai an faɗa ranar biki.

Da la'asar na isa ofishin 'yan sandan da aka kai shi. Jami'in da ke riƙe da maganar naƙib ne, wato kyaftin, matashi mai hankali. Na same shi da wani mai koren kai a tafin hannunsa yana juya shi. Na yi masa bayani tun daga lido har zuwa tsoho mai jar riga, sai dai ban ambaci biki ba. Ya danne dariya, ya ce ya gane tun da ya ga ido uku. Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma ya akhi, an riga an buɗe fayil, kuma lokacin ba na wasa ba ne. Abu biyu nake so daga kamfaninku, a wasiƙa ɗaya mai hatimi. Na farko, kayan nan naku ne, na wasa ne. Na biyu, mutumin nan ku yake wa aiki kuma kun fara mayar da kafalarsa. In na samu kafin ƙarshen aikin Laraba, halas, shi ke nan, ya tafi gida. In ban samu na biyun ba, to mutum ne da aka kama yana aiki ga wanda ba kafilinsa ba, kuma a wannan yanayi ba ni da yadda zan yi, sai tarhil." Tarhil shi ne inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ya bari na ga Usta Bawa na ɗan lokaci. Yana zaune a benci, ba takalmi, amma hankalinsa kwance. Na ce, "Kawu, me ya kai ka cewa harb?" Ya ce, "To da me za a ce? Ba harb ba ne?" Na ce masa layi biyu ne kawai, gobe in sha Allahu a gida zai ci abincin rana. Ya ce in aika a gaya wa Ladi kada ta zo nan, ko da wasa.

Talata da safe na shiga wurin Mudir da fayil ɗin a hannu da daftarin wasiƙa. Ya saurare ni har ƙarshe. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in muka rubuta cewa mutumin nan namu ne, mun amsa da bakinmu cewa shekara shida muna aiki da wanda ba namu ba. Za a turo masu bincike. In suka zo, zauren za su fara gani, da itace da fitilu, kuma in suka shiga gidaje za su ji wari. Kwangilarmu kuma a watan gobe za a sabunta ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kyaftin ɗin mutumin kirki ne, ba zai turo kowa ba. Takarda kawai yake so ya rufe fayil."

Ya ce, "Za ka iya ba ni tabbaci, Tahir?" Haka yake kiran sunana.

Ban iya ba. Na ce masa mutumin yana da mata da 'ya'ya biyu da ba su da kowa. Ya ce ya sani, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Ya karɓi fayil ɗin daga hannuna ya sa a tasa durowar, ya kulle.

Na nufi wurin Janar, don na san Mudir yana jin maganarsa. Na same shi yana liƙa wa 'yan raƙuman roba auduga. Ya tashi tsaye, ya riƙe kafaɗata, ya ce abin takaici ne, Bawa abokinsa ne, zai yi magana. Kuma ya yi, don na gan shi ya shiga ofishin Mudir, ya yi kusan rabin awa. Da ya fito ya kauce wa idona, ya ce sun samu matsaya. Sannan ya ce, "Kana ganin za su sako mana teburin kafin Alhamis? Yara sun ƙagu."

Matsayar ita ce wasiƙa mai layi ɗaya da rabi. Kamfani yana tabbatar da cewa kayan nasa ne, na wasan yaran ma'aikata ne, an saya daga wani kafinta na waje wanda ba shi da wata alaƙa da kamfani. Mudir ya rubuta da Turanci ya turo mini in fassara, in buga, in kawo ya sa hannu.

A nan ne abin da nake ɓoyewa yake. Mudir ba ya karanta Larabci, ko alif. Shekara tara ina kai masa takarda, yana duba inda na sa ɗan yatsa ya sa hannu. Hatimin ma a teburina yake kwana. Na sa takarda a tafireta, na buga layin farko, na tsaya. Ƙasan takardar fari fat. Na san kalmomin layi na biyu kamar Fatiha, na buga irinsu ga mutane ba adadi. Da na buga, da Mudir ya sa hannu, da kyaftin ya rufe fayil. Wataƙila ba wanda zai taɓa sani. Wataƙila kuma a bugo waya ofis don tabbatarwa, a samu Mudir, kafin sallar isha'i sunana ya hau bizar fita ba dawowa, ni da matata da 'ya'yana huɗu, zuwa ƙasar da ban san ko hanyar tashar motarta ba. Na yi ta zama har aka kira azahar. Na yi sallah, na roƙi Allah Ya ba ni zuciya, na dawo na buga abin da Mudir ya rubuta, kalma da kalma. Har na gyara masa salo, don kada a ce wasiƙar kamfaninmu ba ta da ladabi.

Laraba da safe na kai. Kyaftin ya karanta, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa. Ya ce, "Bas? Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya dube ni ya ce, "Kai Bahaushe ne kamarsa, ko?" Na ce e. Ya ce, "Tsakaninka da Allah, ba ku yake wa aiki ba?" Na ce, "Abin da ke cikin wasiƙa shi ne matsayin kamfani." Wannan jimlar ku ma kun iya ta, duk mun iya ta. Ya sa hannu a takardar sakin kaya.

Wannan karon da motar kamfani na zo, da takardar rakiya mai hatimi biyu. Da za a ɗora kayan, leburori suka kama ta inda bai kamata ba, sai kyaftin ya ce a fito da mai shi ya nuna musu. Aka fito da Usta Bawa. Ya ga mota, ya gan ni, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yalla, ku kama ta ƙasa, ban da gefen hasumiya, manne take." Ya sa hannu aka ɗora, ya ɗaure igiya da kansa, ya juyo yana neman takalminsa. Sai ɗan sandan ya riƙe hannunsa ya nuna masa ƙofar ciki. Ya kalle ni. Na ce, "Kawu, ana kan magana." Na shiga mota na ce wa direba mu tafi.

Ranar Alhamis aka yi biki. Ni ne a bakin ƙofa da jerin sunayen mahalarta taron gudanarwa. Aka kunna fitilu, yara suka kewaye teburin suna ihu, matan suna ɗaukar hoton ƙananan rawashin. Ƙarfe huɗu daidai masu koren kai suka sauko a kan tankunan mai. An yi awa uku ana jefa lido. Kafin a raba kyaututtuka Janar ya hau kujera da hularsa mai taurari, ya ba da labarin shinge, yana kwaikwayon yadda aka nuna sama da yatsa. Zauren ya kece da dariya. Daga nan ya ɗaga kofi ya ce a yi wa gwanin kafinta tafi, wanda abin takaici bai samu zuwa ba. Aka yi tafi sosai. Ni ma hannuwana sun haɗu sau biyu kafin na farga.

Juma'a na je Madain Fahd. Gwaggo Ladi ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar ɗaki, tsakanin ɓarɓashin katako da ba a share ba. 'Yan matan suna leƙowa daga bayan labule. Na ce mata kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta ce, "Allah Ya saka maka, ɗana, mun san kai ka tsaya mana." Ta kawo mini shayi, na shanye.

Sai bayan kwana goma sha ɗaya na iya zuwa tarhil, ana gobe za a ɗora su a jirgi. Na kai masa riga biyu da takalmi. Ta tsakanin ƙarfe muka yi magana, mutane na ta hayaniya a gefe da gefe. Ya rame, gemunsa ya fito fari. Ya tambayi Ladi da yara, ya ce in gaya mata ta sayar da kayan aikinsa amma ta bar zarton, na tsohon maigidansa ne. Na fara cewa Mudir ne ya ƙi, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "An karanta mini wasiƙar. Wani malami ɗan Sudan da muke tare ya ji lokacin da ake karantawa, ya ce Larabcinta ya yi kyau, ba kuskure ko ɗaya. Na ce masa ai dole, ɗanmu ne ya rubuta."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ɗahiru, tambaya ɗaya. Shi Mudir ɗin, ya koyi Larabci ne yanzu?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To." Ya ɗauki ƙullin rigunan ya koma cikin mutane, bai waiwayo ba.

Bai sake dawowa Jidda ba. Gwaggo Ladi ta zauna da yaran don babu takardar da za su fita da ita salin-alin, tana sayar da gyaɗa a bakin masallaci. Shekara huɗu bayan nan wani ɗan garinsu ya kawo labarin rasuwarsa. Ni kuwa aka sabunta kwangila, aka sabunta iƙamata, na yi shekara ashirin da biyu a kan kujerar nan, har aka ba ni takardar yabo kan riƙon amana.

Ga abin da na koya, in zai amfane ku. Mutanen da muke wa aiki yawancinsu ba mugaye ba ne. Suna dariya da kai, suna tambayar 'ya'yanka, kuma da gaske suke. Amma ranar da aka ce su zaɓa tsakanin kai da kwanciyar hankalinsu, za su yi baƙin ciki sosai, sannan su turo maka daftari. Kuma kada wani cikinku ya ce shi ɗan aike ne kawai. Ni ma haka na riƙa gaya wa kaina. Mudir ba ya iya karanta abin da ya sa wa hannu, Janar bai ga wasiƙar ba, kyaftin ya ba ni dama har a bakin teburinsa. A duk Jidda mutum ɗaya ne ya san yaren duka biyu, ya san Usta Bawa, ya san 'ya'yansa da suna, kuma takardar tana gabansa da sauran wuri a ƙasa. Wannan mutumin ni ne, kuma ban buga layin ba.